Dashen haƙori da bikin da ya rage wata biyu

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah mai rumfar atamfa da leshi a babbar kasuwar Maraɗi. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Shekarata 46. Shekara huɗu ke nan da na faɗo daga kan kabu-kabu, haƙorana biyu na gaba, na sama, suka fita. Aka yi mini na roba, irin wanda ake cirewa. Da fari ya zauna daram, yanzu kuwa rawa yake yi. Watan jiya a gidan suna, ina cikin dariya ya suɓuce ya faɗa kwanon fura a gaban mata. Tun ranar ba na magana sai da gefen gyale a baki, har a rumfa. Bikin ɗiyata ta fari saura wata biyu. Maƙwabciyar rumfata ta ce a Yamai ko Kano ana dasa haƙori da ƙarfe a cikin ƙashi, a gama rana ɗaya, kuma har mutuwa. Ƙarshen wata zan kwashi adashe jika 500. Maigida ya ce ɓarnar kuɗi ce, kuma canza halittar Allah ce. Uwarsa ta ce ƙarfe a jiki ciwon daji yake kawowa. Ina da ciwon suga shekara shida, ina shan magani in na tuna. Ina cin goro. In je a yi mini kafin biki?"

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya, ya ba yaran zaman lafiya.

Ba zan ce miki matan gidan sunan nan sun manta ba, don ni ma ƴar garin nan ce, na san mu. Sun yi zancen da yamma, sun kai shi gidajensu. Sai dai zancen Maraɗi kamar kasuwar tumatir yake, sabo na sauka tsohon ya faɗi. Ke kaɗai ce har yanzu ke ganin haƙorin nan yana yawo a kan fura.

Ga amsata: kada ki yi dashen kafin biki. Ban ce ki fasa ba, na ce ki raba shi da ranar biki. Idan kika haɗa su, akwai yiwuwar ki rasa kuɗin, ki rasa ɗan ƙashin da ya rage miki, ki kuma shiga hoton biki da kumburarren leɓe.

Wanda ya fara kiran abin nan "dashe" ya iya Hausa. Ki je fadamar Gulbi ki tambayi duk mai lambu, zai gaya miki iri mai kyau ba ya kama a ƙasar da ba a gyara ba, kuma ba a tone shi kullum a ga ko ya yi saiwa. Abin da ake sakawa wata ƴar ƙusa ce mai murɗi, ta wani ƙarfe da ake kira titaniyom, tsawonta wajen santimita ɗaya ko da ɗan ɗoriya. Ana huda ƙashin muƙamuƙi a murɗa ta ciki, ta zama saiwa. Bayan ta kama, a ɗaura mata ɗan wuya, a kan wuyan nan ne ake zaunar da haƙorin tangaran da mutane za su gani. Kashi uku ke nan, kuma wanda ido ke gani shi ne mai sauƙin aiki. Wahalar tana ƙasa, inda ƙashi zai rungumi ƙarfe ya manne da shi. Wannan kuwa ba likita ke yin sa ba, jikinki ne, kuma yakan ɗauki wata uku zuwa shida. Ƙashin ƙasa ya fi tauri, yakan fi saurin riƙewa. Naki na sama ne.

Ki gaya wa Inna, uwar maigida, cikin ladabi, cewa abin ya daɗe a duniya. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano shi a 1952 ba da niyya ba. Yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, ya saka ɗan bututun titaniyom a ƙafar zomo. Da ya zo cirewa sai abin ya ƙi fita, ƙashi ya manne da shi. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, kuma mutumin ya rayu da haƙoran nan shekara 40 da ɗoriya, da su aka binne shi a 2006. Irin ƙarfen nan ne ake ɗaure karaya da shi a asibiti, ana kuma sa wa tsofaffi a ƙugu. Ba a san shi da kawo ciwon daji ba. Tsoron Inna bai faɗi daidai ba, amma tana da gaskiya da ta ce a ji tsoro. Abin tsoron yana cikin wasiƙarki, zan zo kansa.

Ni mai wannan rubutu akwai guda a bakina, turmi na ƙasa ta hagu. Ranar da aka sa ƙusar na shiga ina karanto duk addu'ar da na iya. Allurar kashe wurin ce kawai ta yi zafi. Bayan ita sai ƙarar inji, da ruwan sanyi da ake fesawa, da wata girgiza da nake ji har cikin kunne, kamar ana daka a maƙwabta. Ba a cika awa ɗaya ba aka ɗinke. Da dare maganin ya sake ni, washegari kumatuna ya yi kamar na ɓoye goriba. Kwana uku kunu da fura nake sha, da cokali, ta gefe guda. Bayan kwana goma aka cire zare, likita ya ce in koma gida sai bayan wata huɗu. Na ce, "To, haƙorin fa?" Ya yi dariya ya ce ai yanzu aka shuka. Daga ranar da aka fara duba ni zuwa ranar da na tauna kilishi da wurin, wata bakwai ne, zuwa Yamai sau huɗu. Kuma ni ba ni da suga, ƙashina ma bai zaizaye ba.

Naki kuwa ya zaizaye. Ban gan ki ba, amma ke kika faɗa da bakinki: haƙorin roba ya zauna daram da fari, yanzu yana rawa. Roba ba ta girma. Abin da take zaune a kai ne ya ragu. Ƙashin da ke riƙe haƙori don haƙorin yake raye. Idan haƙori ya fita, jiki sai ya fara janye ƙashin wurin, mafi yawa a cikin shekarar farko, daga nan a hankali a hankali. Ƙashin gaban baki na sama, ta wajen leɓe, dama can siriri ne, kuma faɗuwa irin taki takan fasa shi tun ranar. Bayan shekara huɗu, kada ki yi mamaki in likita ya ce babu kaurin da zai riƙe ƙusa sai an yi ciko. Ciko wani aiki ne na daban, da kuɗinsa na daban, kuma sau da yawa sai an jira shi ya kama wasu watanni kafin a zo kan ƙusa.

In an kai ga ciko, ga tambayar da ba kowa ke sanin yi ba: da me za a cike? Akwai wanda ake ɗebowa daga jikin mutum kansa, akwai na haɗi da ake yi a masana'anta, akwai wanda ake sarrafawa daga ƙashin saniya. Ƴar fatar da ake rufe cikon da ita kuma, da yawa daga cikinsu daga alade ake yin su. Likitan kirki ba zai ɓoye miki ba, kuma akwai madadi. Ki tambaya tun kafin ki kwanta a kujera, don da baki a buɗe ba a musu.

Babu wanda zai iya sanin yawan ƙashinki da ido. Sai da hoto, wanda muke cewa radiyo: na zagayen baki gaba ɗaya, da kuma na na'urar da ke nuna kaurin ƙashi ta kowane gefe. Duk wanda ya leƙa bakinki ya yanke miki kuɗi da rana bai nemi hoto ba, ki ɗauki jakarki ki yi masa sallama.

Yanzu mu zo ga kalma uku da suka tsaya mini a rai: "in na tuna". Ƙanwata, haba. Kin ba ni labarin fura dalla-dalla, kin zo kan ciwon suga kin wuce shi kamar kina tsallake kwata. Ai nan ne maganar take. Sugan da ya yi yawa a jini yana hana ciwo warkewa, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, yana kuma hana ƙashi ginuwa yadda ya kamata. Dashe kuwa ciwo ne da aka yi da gangan a cikin ƙashi, a cikin baki, inda ƙwayoyin cuta suka fi cunkoso. Mai sugan da ya riƙe maganinsa da cimarsa ana yi masa dashe, kuma yana kamawa kusan kamar na kowa. Mai sugan "in na tuna" shi ne wanda ƙusa kan yi wa rawa bayan wata biyu, wurin ya yi ruwa, a cire, a bar shi da ramin da ya fi na da.

Kuma kada ki ce za ki matsa wa kanki kwana uku, ki je a soki yatsa da safe a ga lamba mai kyau. Akwai awon jini da ake kira HbA1c, wanda ke tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce, shayin safe mai cokali uku da lemun kwalban rumfa duk suna ciki. Likitoci sun fi so su gan shi a wajen 7. Ki lura da lissafin: awon da ke duba baya wata uku ba zai gyaru sarai cikin wata biyu ba, balle wata biyun hidimar biki, da cincin da alkaki da nakiya suna wucewa ta hannunki.

Suga da ciwon dasashi kuma abokan tafiya ne, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Gobe da safe ki duba asuwakinki ko buroshinki. In akwai jini, in baki na wari duk da wanki, in wani haƙorin ya fara motsi ko ya yi kamar ya ƙara tsawo, to dasashi na ciwo, kuma sai an yi maganinsa tukuna. Cutar da ke cin ƙashi a gindin haƙorin Allah ita ce ke cin sa a gindin na dashe. Sai ma ta fi ɓarna a can, don ƙusa ba ta da jijiya, ba ta yin zogi ta faɗakar da ke da wuri. Ina gudun ki zuba jika ɗaruruwa a kan biyun da suka tafi, ragowar da kike da su suna zubewa ba ki kula ba.

Goro ba shi ne babban abokin gaba ba. Yana rina baki, haƙoranki su yi ja su bar na tangaran fari fat a tsakiya kamar baƙo a taro, don haka a wanke miki su kafin a zaɓi launi. Kuma da haƙorin gaba na dashe ba a fasa goro, ba a ɓare rake, ba a tsinka zare in ana auna yadi. Taba ce mugunyar, ta sha ko ta ɗurawa a baki. Ba ki ambace ta ba, ina fata babu.

Maganar maƙwabciyarki ta "rana ɗaya" akwai ƙamshin gaskiya. Wasu lokuta ana sa ƙusa a ɗora haƙori a ranar, amma na wucin gadi ne, ba a cizo da shi, kuma sai ga wanda ƙashinsa ke da kauri, jininsa lafiya. Na dindindin sai daga baya. Maganar "har mutuwa" ma haka. Fiye da 9 cikin 10 na dashen da aka yi da kyau suna nan bayan shekara 10, da yawa suna wuce haka nesa. Ƙusar ba ta ruɓewa, tsutsa ba ta cin ta. Amma kan tangaran yana iya tsagewa ko ya tsufa a sake shi, wuyan yana iya kwancewa a ɗaure, kuma wanke baki safe da dare da sakace tsakani da zuwa dubawa ko da sau ɗaya a shekara sun zama wajibi har ƙarshen rai.

Wannan ya kawo mu ga hanya. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, ki bi Ƙonni, ki bi Dogon Dutsi, ki bi Doso, wuni guda cur a mota. Kano ta fi kusa, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, sai dai mu ƴan kasuwar Maraɗi ba a ba mu labarin rufe iyaka: mun gani a 2019, mun sake gani a 2023. Aikin da ke son zuwa huɗu ko biyar cikin watanni, dole ki yi tunanin ranar da wurin zai kumbura da dare, wa za ki kira, ina za ki nufa. Ki sa kuɗin mota da masauki da rufe rumfa a lissafi. Haƙori ɗaya kaɗai yana cin jikkuna ɗaruruwa, ke kuwa biyu ne, wataƙila da ciko. Jika 500 na iya kai ki tsakiyar kogi su tsaya. Ki sa a rubuta miki kuɗin aikin tun daga hoto har haƙorin ƙarshe, da abin da za a yi in ƙusar ba ta kama ba, don akwai masu faɗin kuɗin ƙusa kawai, sai an sa ta a ce kai daban.

Wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ya je sarin kaya waje, ya ga araha, aka yi masa uku cikin mako guda, ya dawo yana washe baki a majalisa. Bayan shekara ɗaya guda ta fara girgiɗi. Abin da ake buƙata bai wuce a ɗaure ɗan noti ba, aikin minti biyar. Sai ga shi kamfanonin da ke ƙera ƙusoshin nan suna da yawa, kowanne da irin mabuɗinsa da kayan gyaransa, shi kuwa bai san sunan nasa ba, ko takarda ba a ba shi ba. Ya zaga likita uku, kowa ya gwada nasa mabuɗin ya girgiza kai. Araha ba ta ado. Duk inda aka yi miki, ki karɓi takarda mai sunan kamfanin da lambar ƙusar da girmanta, ki ajiye ta inda kike ajiye takardar fili. Ki kuma buɗe ido ki ga daga ina ake fito da kayan aiki, a cikin leda a rufe, an dafa su a na'ura, ko daga cikin kwano. Ciwon hanta yana iya bi ta kayan da ba a tsabtace ba.

Shi kuma maigida, maganarsa biyu ce, ki raba su. Ta addini mai sauƙi ce. Wani sahabi, Arfaja ɗan As'ad, an yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya yi na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi na zinariya. A kan wannan malamai suka tsaya cewa mayar da abin da ya ɓace magani ne. Abin da aka hana shi ne mai lafiyayyen haƙori ya fere shi don ado. Kada ki tsaya kina ja da shi, ki ce ya tambayi limamin masallacinsu, ya fi jin ta daga can. (Ni dai ban taɓa jin an ce wa Hajiya mai haƙorin Makka ta canza halitta ba, alhali sau da yawa lafiyayye ake ferewa a sa shi.) Maganarsa ta kuɗi kuwa, a wannan wata biyun yana da hujja. Ga kayan ɗaki, ga gara, ga baƙi daga ƙauye. In kika ce masa, "Malam, na bar zancen dashe sai bayan biki, amma ina so ka raka ni a auna mini jini," kin ba shi girmansa, kin kuma jawo shi cikin aikin. Mutumin da ya zauna ya ji bayanin likita da kunnensa ba ya saurin cewa ɓarna.

To, da wane baki za ki shiga biki? Cikin satin nan ki je wurin likitan haƙori a nan Maraɗi, na asibiti, ba masu zaga kasuwa da haƙora a kwalba suna mannawa da gam ba. Ki nuna masa robar. Ko ya yi mata ciko ta ciki ta sake kama dasashi, ko ya ɗauki sabon awon baki a yi miki sabuwa mai ƴan maƙalai da ke riƙe haƙoran gefe. Aikin mako ɗaya ne ko biyu, kuɗinsa kuma ba zai girgiza adashenki ba. Kada ki bari sai biki ya rage kwana uku, don sabuwa tana son a saba da ita, takan ɗan goge wani wuri a koma a rage. Ki riƙa cire ta da dare ki wanke ki sa a ruwa. A zaman nan ne zai duba dasashinki ya wanke miki baki, ki kuma tambaye shi zancen gada: haƙoran da ake kafawa a jikin na gefe, ba a cirewa. Wata sai an fere lafiyayyun haƙoran gefe, wannan ita ce asararta. Wata kuma fukafukai gare ta da ake mannawa ta baya, ba a taɓa su sosai. In hoto ya nuna ƙashinki ya yi nisa, ko suga ya ƙi sauka, gada na iya fi miki dashe, kuma ba faɗuwa ba ce.

Maganin suga kuwa daga daren yau. Ki ajiye shi kusa da darduma, ki ɗaure shi da sallar asuba, tun da ita ba kya cewa "in na tuna". Kuɗin adashe ki cire na roba da na awon jini, sauran ki ba wanda ba zai ba ki ba ko kin yi kuka ranar kai gara.

Ranar biki ma al'ada ta tsaya miki. Ɗiyar fari ce, ba a san uwa da rawar kai a bikin ɗan fari ba, ƙannenki da ƙawayenki ne za su yi ta guɗa. In kin ja gyale kin rufe baki, cewa za a yi kunya ce. Amma in mai hoto ya zo, ki sauke shi. Bayan an kai amarya, an mayar da tukwanen aro, ki ƙirga wata uku ki sake awon jinin, ki rubuto mini lambar da aka samu.